Kaset Mai Magana

A Birnin Kudu in aka ce Sabo Kunne, ba sai an ƙara bayani ba. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana sayar da kaset a rumfarsa ta bakin tasha, kuma babban tinƙahonsa shi ne wai ba a taɓa dawo masa da kaset an ce da aibu a ciki ba. Da zamanin kaset ya wuce, faifan sidi ya leƙo ya koma, samari suka kama turin waƙa a waya, sai Sabo ya rufe rumfa ya koma gonarsa ta gero da riɗi. Kayan da suka rage kuwa bai zubar ba. Ya kwaso su ya jera a kan kanta a ɗakin da ke jikin zaure, ɗakin nan mai ƙyauren kwano wanda in an tura shi yake kuka sau biyu sannan ya daki bango.

Su uku ne masu wannan lalura a duk yankin: shi, da Yahuza mai gyaran rediyo a Gwaram, da Malam Abdulsamad, malamin firamare a Sundimina. Duk ranar kasuwar Gwaram ta farkon wata sukan haɗu a shagon Yahuza. Dattawa uku da furfurarsu, su jeru a benci suna sauraron waƙar soyayya guda ɗaya tun hantsi har azahar, suna musu a kan ko an rage daƙiƙa huɗu a farkonta. Mutanen kasuwa sun daɗe da daina mamakinsu.

Suna da ƙa'ida biyu da ba a takawa. Ta farko, kaset ɗin da ba shi da na biyu ba a kwafarsa, ba a ba da aronsa, ba a sayar da shi. In kana so, ka kawo wani mai irin darajarsa a yi musaya. Ta biyu, kafin a kunna irin wannan kaset sai kowa ya zuba wayarsa a cikin wata tsohuwar langa a rufe, don kar zuciya ta raya wa wani ya naɗa a ɓoye.

Waƙar da ta fi cin lokacinsu ita ce “Jira Ni a Gada”, ta Buba Huguma. Buba ya yi waƙoƙi da yawa, wannan kaɗai ta karɓu, shi ya sa ya yi ta juya ta kamar mai toya waina. Akwai ta rediyo, wadda aka datse wa baiti na uku don ta shiga tsakanin tallace-tallace. Akwai ta fim, da aka ƙara wa sauri har muryar Turai, mai yi masa amshi, ta sirance ta fita kamanninta. Akwai ta biki har guda uku, inda Buba ya cire baitin ƙarshe ya zuba sunayen ango da abokansa da ƙannen uwarsa. Akwai ta siyasa, wadda ba wanda yake so a tuna masa da ita don ɗan takarar ya sha kaye. Sai kuma abin da yaran yanzu ke kira rimiks, Sabo kuwa yake kira kwaɗo, wato a yanko amshin Turai a yi ta maimaita shi a kan gangar kwamfuta har kan mutum ya sara. Malam Abdulsamad ya rubuta su duka a littafi mai layi, kowace da tsawonta, sun kai goma sha huɗu.

Ta goma sha biyar ita ake kira Mai Magana, kuma tana hannun Yahuza. Kiɗan farko ne, mai buɗewa da sarewa ta gaske, ba ta fiyano ba, minti shida da daƙiƙa arba'in. Sai dai sautin a dushe yake kaɗan. A minti na huɗu, daidai inda Buba ya yi shiru sarewa ta karɓa, sai a ji ƙarar ƙofa, sannan muryar wata mace ta ce, “Malam, ka bar abin nan ka fito ka ci, dambun zai huce.” Sai ta ɗan yi dariya, ƙofa ta sake ƙara, waƙa ta ci gaba.

Shekara goma sha biyar ke nan da Yahuza ya samo kaset ɗin a wurin wani mai shayi a Maruta, ya ba da rediyo sukutum a kansa. Tun ranar ya gina masa tarihi. Wai wannan shi ne ɗaukar farko a situdiyo kafin a tace, matar kuwa iyalin Buba ce ta kawo masa abinci. Sauran goma sha huɗun, in ji Yahuza, duk 'ya'ya ne da jikoki. Duk sanda ya kama wannan bayani, Sabo yakan duƙar da kai ya ce, “Allah ne masani.” Alhali shi ma ya sani sarai, don a ɗakinsa aka yi abin.

A shekarar da waƙar ta fito, wani direban Kano ya ara masa kaset ɗin kamfani na awa biyu kacal, kafin motarsa ta cika. Rediyonsa mai baki biyu, wanda ke kwafa ta ciki ba ruwansa da hayaniyar waje, yana wurin gyara, ga shi gobe kasuwar Gwaram. Sai Sabo ya yi abin da shi da bakinsa yake zagin masu yi. Ya kara rediyo biyu baki da baki a ɗaki, ɗaya na rerawa ɗaya na naɗa, ya ja ƙyaure ya ruga masallaci don an ta da sallar la'asar. Bai gaya wa kowa a gidan ba. Matarsa Kaltume ta ji waƙa na tashi, ta ɗauka yana ciki, ta tura ƙyaure ta yi maganarta, ta ga ba kowa, ta yi wa kanta dariya ta koma madafa.

Da ya dawo ya saurari farkon, ya zarce ya saurari ƙarshen, ya ji lafiya lau. Kafin magariba aka kawo masa mai baki biyun, ya mai da wannan naɗin uwa, ya kwafi guda arba'in cikin gaggawa, ko suna bai tsaya rubutawa a jikinsu ba. Kafin azahar ɗin washegari sun ƙare. Bayan sati guda yana cikin bas, sai ya ji muryar matarsa ta fito daga sifika tana kiransa ya ci dambu a gaban fasinja goma sha takwas.

Kunya ce ta kama shi, ta rikiɗe ta zama fushi, fushin kuwa a kan Kaltume ya sauka. Kwana uku bai tanka mata ba. A na huɗu ya ce mata, “Ke bakinki ba ya hutawa ne?” Daga nan ya bi ƙauyuka a kan keke, yana cewa kamfani ya fito da wanda ya fi kyau, yana karɓar tsofaffin yana ba da sababbi. Talatin da tara ya tattaro, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da uwar. Guda ɗaya ne ya ɓace masa, sai bayan shekaru ya gan shi a hannun Yahuza an naɗe shi a ƙyallen atamfa.

Shekara biyu ke nan da hawan jini ya ka da Kaltume a bakin murhu. Ta tashi da ɓarin dama a shanye, hankalinta garau, amma magana ta tafi. Likita ya ce wataƙila ta dawo, daga baya ya daina cewa wataƙila. Matar da ke magana da kaji, da tukunya, da mai karanta labarai a rediyo in ya faɗi abin da bai yi mata ba, yanzu sai nuni da hannun hagu. Ita kuwa ba ta taɓa yarda da saƙon murya ba, takan ce mai son ta ya kira ta. 'Yarsu Nasiha ta bincike wayoyin dangi kaf, ko gaisuwa ba ta samu ba. Sabo da ke da muryoyin mawaƙa sama da ɗari uku a kan kanta, ba shi da ta matarsa. Guda ɗaya ta rage a duniya, daƙiƙa tara, a cikin akwatin ƙarfen Yahuza.

Yahuza ba ya kunna Mai Magana sai sau ɗaya a shekara, bayan babbar salla, don kar zaren ya gaji. Sau biyu ke nan tun ciwon Kaltume Sabo yana zama a benci yana jin ta, ya ce Allah ne masani. Ya gaya wa kansa cewa sau ɗaya a shekara ma ya isa. Gaskiyar ita ce tsoron sunansa yake ji.

Ranar kasuwar farkon wannan wata, bayan an gama girbin gero a gona, Sabo ya yi wa Kaltume wanka, ya zaunar da ita a inuwar darbejiya, ya jira Nasiha ta iso daga gidan mijinta, sannan ya hau motar Gwaram. Ya tarar Malam Abdulsamad ya riga shi, da sabon kwaɗo a waya.

“Wani yaro ne a Dutse ya haɗa,” in ji Malam Abdulsamad. “Minti uku da daƙiƙa goma. Ina so ku gaya min daga wacce ya yanko amshin.”

Aka kunna. Ganga ta yi ta dukan ƙirji, Turai tana faɗin kalma biyu tana komawa baya.

“Ta fim ce,” in ji Yahuza. “Ji yadda muryar ta sirance.”

“Ta rediyo ce, shi ya ƙara mata sauri da kansa,” in ji Sabo. “A ta fim an goge numfashin da take ja kafin ta shiga. Nan ga shi nan. Mayar ka ji.”

Aka mayar, aka ji numfashin. Yahuza ya yi tsaki don ba ya son a ka da shi a shagonsa, Malam Abdulsamad ya lashi bakin biro ya rubuta. Suka koma kan na biki guda ukun, suka sake tsohon musunsu na ko Buba ya sake rera su ne gaba ɗaya ko baitin ƙarshe kawai ya liƙa. Ba a taɓa raba wannan gardama ba, ranar ma ba a raba ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Yahuza ya tashi ya rufe ƙofar shago rabi, ya ɗauko langa.

“Ku zubo wayoyi,” ya ce.

“Yau kuma? Salla ai da saura,” in ji Malam Abdulsamad.

“Jin ban kwana ne. Wani Alhaji a Kano ya ji labarinta, shi ma irinmu ne, sai dai shi da hali. Faifan garmaho uku zai ba ni, na zamanin kakanninmu, ko a gidan rediyo babu su. Ranar Asabar zai aiko a yi musaya.”

Sabo ya sa wayarsa a langa, ya ce, “Kano ai nisa gare ta.”

“Awa biyu ce a mota.”

“Nufina, in ta tafi ba mai sake jin ta a cikinmu. Ka bar ta a gida. Ni zan ba ka nawa na kamfani, wanda ko ledarsa ba a yage ba.”

Yahuza ya yi dariya har da buga cinya. “Na kamfani? Sabo, in na shiga Kano yau, kafin la'asar na samo irinsa biyar. Ka taɓa ganin an ba da uwa an karɓi jika?”

Ya buɗe akwati, ya warware atamfa, ya goge kan rediyo, inda zaren kaset ke bi, da auduga, ya ɗan juya zaren da biro don ya daidaita, ya yi bisimilla ya danna. Sarewa ta buɗe. Sabo bai ji baiti na farko ba, bai ji na biyu ba, ƙirga daƙiƙa kawai yake yi. Buba ya yi shiru, ƙofa ta yi ƙara, Kaltume ta yi magana da muryarta ta shekara talatin da biyu, ta yi dariya, ta tafi. Da waƙar ta ƙare Yahuza ya miƙa hannu zai cire.

“Mayar da shi minti na huɗu,” in ji Sabo.

“Ka san ba a mayarwa.”

“Mayar. Kar ka saurari matar, ƙofar za ka saurara.”

Yahuza ya dube shi. Tun da suke, Sabo bai taɓa roƙon a taka ƙa'ida ba. Yahuza ya cire kaset ɗin, ya mayar da zaren da biro a hankali, ya sake sawa. Ƙofa ta yi kuka sau ɗaya, ta sake yi, sannan ta daki bango.

“To, ƙofa ce,” in ji Yahuza. “Situdiyon da ai ba…”

Bai ƙarasa ba. Mutumin da ke gane ciwon rediyo daga shan iskarsa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sau nawa ya tura wannan ƙyaure da hannunsa a Birnin Kudu? Sau nawa ya ce, “Sabo, gidan nan ko ɗigon man gyaɗa babu ne?” Ya danna ya tsayar da kaset ɗin, ya zauna a kan kujerarsa ta aiki.

“Ɗakinka ne,” ya ce.

“Ɗakina ne. Mai maganar kuwa iyalina ce.”

Sabo ya ba su labarin daga direban Kano har yawon keke, bai rage komai ba, har da abin da ya faɗa mata a rana ta huɗu. Yana magana yana kallon ƙasa. Malam Abdulsamad ya rufe littafinsa ya ɗora a cinya.

“Baki da baki,” in ji Yahuza. “Kai, Sabo Kunne, ka kara rediyo baki da baki ka sayar wa mutane.”

“Na yi.”

“Wannan ma da sauƙi. Shekara goma sha biyar ina tsaye a nan ina zuba, ina cewa matar Buba, ina cewa ɗaukar farko. Har mutanen Kano na kira na gaya musu. Kana zaune a bencin nan kana kallona.”

“Kunya na ji.”

“Ni kuma ba ni da ita, ko?”

Daga waje ana jin masu awon hatsi suna ciniki, wani ya leƙo da rediyo a hannu, Yahuza ya ɗaga masa hannu ya ce ya dawo gobe.

“Me ya sa sai yau?” Malam Abdulsamad ne ya tambaya, a hankali.

“Kun san halin da take ciki,” in ji Sabo. “Ba ni da muryarta a ko'ina. Na goge talatin da tara da hannuna. Ban ce a ba ni don daraja ba, yanzu kun san ba shi da ita. So nake in ji ta a gida, ita ma ta ji.”

Yahuza ya naɗe kaset ɗin a atamfa, ya sa a akwati, ya kulle, ya jefa mukulli a aljihu. “Da ka yi shiru zuwa Asabar da na samu garmahona,” ya ce. “Yanzu ka sa ba zan iya ba mutum jabu ina sane ba. Ka raba ni da faifai uku, ka raba ni da labarina. Ku ɗauki wayoyinku, ina da aiki.”

Ranar ba a kai azahar ba aka watse. A tasha Malam Abdulsamad ya tambayi Sabo, cikin jin nauyi, yadda zai rubuta ta goma sha biyar yanzu. Sabo ya ce ya rubuta gaskiya: naɗin ɗaki, kuskuren Sabo, Birnin Kudu.

Kwana uku ba labarin Yahuza. Sabo ya sa a ransa cewa ya yi biyu babu, suna ya zube, murya kuma ba ta zo ba. Labari kam ya riga shi isowa gida, don ranar Juma'a a bakin masallaci wani tsohon kwastomansa ya tare shi yana dariya, ya ce ashe shi ya sa aka bi shi har gona da keke a waccan shekarar. Sabo ya ce e, shi ya sa. Ya yi mamakin yadda abin bai kashe shi ba. Kaltume bai gaya mata komai ba, don kar ya sa mata rai.

Ranar Asabar bayan azahar, Nasiha ta aiko da abinci ke nan, Sabo ya ajiye kwanon a gefen tabarma bai buɗe ba, sai ya ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ya fita ya tarar da Yahuza a zaure, ƙura har gira, da jakar leda a rataye a wuya. Suka gaisa gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau ba.

“Na kira mutumin Kano na gaya masa,” in ji Yahuza. “Ya ce Allah ya kyauta, ya kashe waya.”

“Ka yi haƙuri.”

“Ban zo karɓar haƙuri ba. Ina na kamfanin?”

Sabo ya tura ƙyauren ɗakin kaset. Ya yi kuka sau biyu, ya daki bango. Yahuza ya runtse ido kamar wanda aka taka wa ƙafa. Sabo ya ɗauko na kamfanin daga saman kanta, cikin ledarsa, ya miƙa. Yahuza ya juya shi gaba da baya, ya duba hatimi, ya ɗaga shi a haske, ya ɗauki lokacinsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Sannan ya zaro ƙunshin atamfa daga jaka.

“Musaya ce, ba kyauta ba,” ya ce. “Kar a je a ce Yahuza ya taka ƙa'ida.”

“Ai ka ce a Kano akwai irinsa biyar.”

“Akwai. An cuce ni, na sani. Ka goge kan rediyonka kafin ka sa, zaren ya yi laushi wajen minti na biyu. Kuma kar ka yi ta mayarwa da maɓalli, da biro za ka yi.”

“Shigo ka sha ruwa.”

“A nan zan zauna.” Ya ja tabarmar zaure ya zauna, ya jingina da bango. Da Sabo ya juya zai shiga, sai ya ƙara da cewa, “Ƙyauren nan kuma, kar ka sa masa mai.”

Kaltume tana inda ya bar ta, a inuwar darbejiya, an tokare ta da matashi, hannun dama a kan cinya. Ta bi shi da ido yana ajiye rediyo a kan tabarma, yana goge shi, yana warware atamfa. Ta ɗaga gira, wato tambaya.

“Wata tsohuwar waƙa ce,” ya ce. “Ki dai saurara.”

Sarewa ta buɗe. Ta taɓe ɓarin bakinta mai motsi, don ita tun asali waƙar ba ta dame ta ba, kuma ta ji ta a gidan nan fiye da sau dubu. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce da ɗan rawar zare. Kaji suna tono a gindin randa. Buba ya yi shiru, ƙyaure ya yi kuka, Kaltume ta waiga wajen zaure don ta ɗauka wani ne ya shigo.

“Malam, ka bar abin nan ka fito ka ci, dambun zai huce.”

Ta dawo da kanta a hankali ta dubi rediyon. Ta daɗe tana dubansa. Ta kai hannun hagu ta taɓa maƙogwaronta, sannan ta nuna rediyon, ta nuna kanta.

“Ke ce,” in ji Sabo. “Guda ɗaya ya tsira, yana Gwaram tun tuni. Na san da shi, ban faɗa ba.” Ya matso kusa da ita. “Abin da na ce miki a lokacin, cewa bakinki ba ya hutawa. Kullum sai na tuna. Ki yafe min.”

Ta yi masa irin kallon da take yi masa in ya dawo daga kasuwa ya manto abin da aka aike shi. Sannan ta juya yatsa a iska, wato ya mayar. Ya cire, ya mayar da biro, ya sake sawa. Da aka zo wurin dariyar, sai ita ma ta yi. Rabin baki ne ya yi ta, amma sautin daga ƙirji ya fito, gajere, mai ɗan tsalle a ƙarshe. Sabo da ya ƙare rayuwarsa yana gane inda aka rage da inda aka ƙara, ya ji su biyun a jere, ta cikin rediyo da ta kan tabarma, bai sami bambancin komai ba. Shekara biyu yana neman abin da zai sa ta yi wannan dariya. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Ya sake mayarwa. Ya kuma mayarwa. A karo na biyar ya fara bayani, wai in ta lura ƙarar ƙyauren ta biyu ta fi ta farko tsawo, kuma can ƙasa-ƙasa ana jin liman yana kabbara. Ya cire kaset ɗin ya ɗauki biro zai sake juyawa.

Kaltume ta miƙo hannun hagu ta zare biron daga yatsunsa, ta cusa shi a ƙarƙashin matashinta. Ta ƙwanƙwasa murfin kwanon da Nasiha ta aiko, sau biyu, ta turo shi gabansa. Ta nuna zaure, wato a ɗibar wa baƙo.

Ba dambu ba ne, shinkafa da wake ce, kuma ta fara hucewa. Sabo ya bar abin nan, ya wanke hannu.